Kafin Ka Kwashi Iyali Zuwa Abuja, Tsaya Mu Yi Lissafin Gidan Haya

Yau daga zauren gidanmu nake muku magana, nan Kwarbai cikin birnin Zariya. In kun ji ƙarar babur ko muryar yaran makarantar allo ku yi haƙuri, haka unguwar tamu take.

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau, satin da ya wuce matar yayana ta dawo gida da yara uku. Ba yaji ta yi ba, ba kuma faɗa aka yi ba. Wata bakwai ke nan da ya kwashe su zuwa Abuja inda ya samu aiki. To, mu dai Abuja muke cewa, amma gidan can bayan Masaka yake, a jihar Nasarawa. Yakan fita kafin a kira Asuba, ya dawo goman dare ya tarar yara sun yi barci. Ita kuma tana ƙunshe a ɗaki biyu, ba ta san kowa ba, ruwa sai an saya, Islamiyya sai an hau babur. Rannan ƙaramin ya shiɗe da zazzaɓi da rana tsaka. Ta kira Yaya, sai da ya yi sama da awa biyu a hanya. Wata maƙwabciya da ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba ita ta kai su asibiti. Yaron ya warke, alhamdulillahi, amma tun ranar hankalinta bai sake kwanciya da gidan ba. Yanzu shi yana can, iyali suna nan, ga kuɗin makarantar da aka biya can ya tafi.

Na ce masa, "Yaya, wai ya aka yi ka zaɓi gidan nan?" Ya ce, "Dillali ne ya turo min bidiyo a waya, na ga ɗakunan da tayil, kuɗin kuma ya yi daidai da aljihuna." Shi ke nan fa. Bai taɓa kwana a unguwar ba, bai kuma tambayi wadda za ta wuni a gidan ba.

Kafin in ci gaba, ga wani abu da ke ba ni dariya. Sunan nan Abuja namu ne. Bayan jihadi, gidan sarautar Haɓe na Zazzau ya yi kudu, Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai sunan ya koma kan sabon birnin, tsohon garin ya zama Suleja. Yau jikan Zazzagawa ya je Abuja neman ɗaki, sai kuɗin haya ya koro shi ya komo Suleja ɗin. Wannan ba abin kunya ba ne. Ɗimbin masu aiki a Abuja ba a cikinta suke kwana ba, suna Nyanya, Mararaba, Masaka, Kubwa, Gwagwa, Dei-Dei, Zuba, Madalla, Suleja. Tambayar dai ita ce, cikin waɗannan wanne ne zai ɗauki iyalinka?

Abin da nake so ku riƙe yau shi ne, kuɗin da mai gida ya faɗa maka ba shi ne kuɗin zaman gidan ba.

Mu fara da ranar biya. A Abuja hayar shekara ake biya dunƙule, wasu ma su ce shekara biyu. A kan haka yawanci dillali zai karɓi kashi 10 cikin 100, a ce na lauya da takardar yarjejeniya wani kashi 10, sannan ga kuɗin ajiya wai ko za ka ɓata wani abu. Gidan da aka ce maka miliyan ɗaya, ka tanadi miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da ɗoriya. Ku tuna fa, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ko ba ka ci ba, ba ka sha ba, 840,000 ke nan a shekara.

Sai kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, nisa ya koma kuɗi. Mu yi misali. A ce zuwa aiki da dawowa na cin maka naira 3,000 kullum. Kwana 22 a wata, 66,000 ke nan. A shekara 792,000. To in ka gudu daga gida na kusa don ka rage dubu ɗari biyar, ka je nesa kana zuba kusan dubu ɗari takwas a mota, me ka rage? Ga gosulon Mararaba da Nyanya, wanda duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da safiyar Litinin ba sai an ba shi labari ba. Araha ba ta ado, jama'a.

Ruwa kuma, kar ka yarda da ganin famfo a bango. Buɗe shi. Tambayi maƙwabta ko akwai rijiyar burtsatse, wa ke sayen man tayar da ita, kuma nawa mai ruwa ke sayar da kura a watan Maris da Afrilu. Gida mai yara uku, wanki kaɗai ya isa ya kwashe albashi.

Wuta, ka tambaya ko ɗakinka na da mitarsa mai kati, ko ana raba bil ne da sauran 'yan haya. Rabon bil yana raba zumunci, wallahi. Ka kuma tambayi rukunin da layin unguwar yake. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Daɗi gare ta, amma ka san nauyinta tun kafin ka shiga.

Akwai abu biyu da bidiyon dillali ba zai taɓa nuna maka ba, ambaliya da rusau. Wanda ya ga hotunan rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023 ya san gida mai kyau ma ruwa na cinye shi. In da rani ka je dubawa, kalli gindin katanga, ruwa yakan bar shaida. Rusau kuwa, tun zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, kowa ya san unguwar da ba ta kan tsarin birnin kwananta ƙidayayye ne. In ka ga jan fenti a bangon gidajen layin, tambaya. Ranar da katafila ta zo, wa zai mayar maka da kuɗin hayarka?

Yanzu ga wanda ya fi duka, wanda kuma ba ya shiga kalkuleta. Mu nan Kwarbai, matar aure ba ta san zaman kaɗaici ba. In za ta asibiti ta miƙa goyo ga surukarta ko facalarta. Gishiri ya ƙare, ta leƙa sashen kusa. Yaro ya fita, duk layin sun san ɗan gidan wane ne. Makarantar allo na zaure, masallaci na ƙofar gida. Duk wannan kyauta muke samunsa, shi ya sa ba ma ganinsa. Ranar da ka ɗauke ta ka kai birni, ka raba ta da shi gaba ɗaya. Kai kana da abokan ofis, ita wa take da shi? Don haka in kana duba gida, bi wunin matarka da na yaranka. Daga ƙofar gida zuwa asibiti minti nawa? Yaro zai iya takawa zuwa boko da Islamiyya? Kasuwa fa? In tana da sana'a, ɗinki ne ko kitso ko sayar da kayan miya, akwai masu saye? Akwai ko gida ɗaya na mutunci da za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa in ba ka nan?

Ka duba hanyar gida ma. Mu mutanen Zariya ba ma rabuwa da biki da suna da ta'aziyya. Wanda ke Kubwa, Dei-Dei, Zuba ko Suleja yana bakin hanyar Kaduna. Akwai ma tashar jirgin ƙasa a Kubwa da ke kai mutum Rigasa. Wanda ke Masaka kuwa, in ta Kaduna zai bi, sai ya keta Abuja tukuna kafin ya kama hanya.

Shawarata ga ƙannena masu shirin tafiya, ka fara zuwa kai kaɗai. Raɓa wajen ɗan'uwa wata biyu ko uku. Unguwar da ka sa wa ido, je ka kwana, ka fita da safiyar Litinin ka ƙirga lokaci, ka koma bayan Isha ka ga yadda take. Yi salla a masallacin layin ka tambayi dattawa halin mai gidan. Kar ka tura ko kwabo sai ka shiga gidan da ƙafarka, ka ga mai gidan ko lauyansa, an ba ka rasit da yarjejeniya a rubuce. Sannan ka ɗauko maiɗakinka ta gani da idonta kafin ka biya. Ita ce za ta zauna.

Ku kuma 'yan'uwanmu Zazzagawa da kuka daɗe a Abuja, don Allah ku riƙa riƙe hannun sababbin zuwa. Kalma ɗaya daga bakinku za ta iya tsare wa mutum kuɗin shekara.

Yaya dai yanzu ya fara neman gida wajen Kubwa, kuma ya ce wannan karon tare za su je dubawa. Allah Ya sa a dace. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya turo mana nasa labarin, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.