Dusa Da Tunkuza, Abincin Karfasa

Jawabin malamin gona ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na unguwar Kusugu, Daura



Iyayena da 'yan'uwana, na gode da kuka bar ayyukanku kuka zo. Yau maganarmu a kan kiwon karfasa ne, da yadda za mu ciyar da ita daga abin da ke cikin gidajenmu.

Mu mutanen Kusugu mun san darajar ruwa. Ana ba da labarin cewa akwai lokacin da ba a ɗiban ruwan rijiyar nan sai ranar Juma'a. Yau ga dam ɗin Sabke, ga na Daberam, masunta suna kama kifi. Wasu kuma sun gina tafkin siminti a gida suna kiwo.

To, ina matsalar take? Abinci. Fiye da rabin kuɗin da mai kiwon kifi ke kashewa, a kan abinci yake tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin buhun abincin kanti ya ƙara tashi. Mai ƙaramin jari in bai yi dabara ba, sai ya sayar da kifi ya tashi a tutar babu.

Amma Allah ya yi karfasa da sauƙin kai. Tana cin tsiro, tana cin gansakuka. Ba kamar tarwaɗa ba, mai son nama.

Abincinta iri biyu ne. Akwai mai ba da ƙarfi, wato dusar masara, dusar gero da dusar shinkafa. Akwai mai gina jiki, wato tunkuza, waken suya da garin busasshen kifi. Dusa kaɗai ba ta sa kifi girma. Sai an haɗa.

Ku ɗauko alƙalami ku rubuta. Don haɗa kilo 10:

Dusa kilo 4.
Busasshiyar tunkuza kilo 3.
Soyayyen waken suya kilo 2.
Garin ƙananan kifi kilo 1.

A auna da sikeli, don mudun dusa bai kai mudun wake nauyi ba. A niƙa komai ya yi laushi, a tankaɗe. A dama ɗan garin rogo da ruwan zafi a kwaɓa da shi, don kada abincin ya watse a ruwa. A matsa shi ta injin niƙan nama, a shanya ya bushe ƙayau.

Ga gargaɗi guda uku, kada ku manta.

Na ɗaya, kada a ba kifi ɗanyen waken suya. Akwai wani abu a cikinsa da ke hana abinci narkewa a cikin kifi. Wuta ce ke kashe shi. A soya shi har ya yi ja-ja, amma kada ya ƙone.

Na biyu, tunkuza ko dusar da ta yi fumfuna, a zubar. Fumfunar gyaɗa tana da guba mai lalata hanta. Araha ba ta ado. Ku sayi sabuwar tunkuza wurin matan da ke matsar mai, wadda ba a sa wa yaji ba.

Na uku, kada a cika abinci. Kifin da ya fara girma, in nauyinsa duka ya kai kilo 100, kilo 3 ya ishe shi a rana. A raba biyu, safe da yamma. In ka zuba ka ga ya rage bayan minti 15, gobe ka rage. Ragowar abinci tana ruɓewa, ruwa ya ɓaci, kifi ya taso sama yana haki. Lokacin hunturu kuwa, watan Disamba da Janairu, karfasa ba ta ci sosai. A rage mata, a jira rana ta ɗaga.

Ku sayi littafi ku riƙa rubuta abin da kuka kashe da abin da kuka sayar. Amfanin karatun da kuke yi ke nan. Wanda ya rubuta, shi ya san ribarsa.

A fara da kaɗan, da sannu ake girma. Mai tambaya ya zo ofishin gona, ƙofa a buɗe take.

Allah ya sa albarka a sana'armu, amin.