Ina iyakar Yamai?

Jawabin da wakilinmu ya gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikata

Ya ku alhazai da ma'aikatan gwamnati, tambaya guda na zo da ita: shin ina birnin Yamai ya tsaya?

A 1926, sa'ad da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi nan, Yamai ƴar alƙarya ce a bakin kogin Isa. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanenta kimanin 30,000 ne. Ƙidayar 1988 ta samu kusan 400,000, ta 2012 kuwa ta zarce miliyan 1. Garuruwa irin su Gudel, Yantala, Gamkalle da Saga, waɗanda a da suke da gonakinsu, yau unguwanni ne. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta ƙetarar da birni zuwa Harobanda.

Amma a takarda, faɗin Yamai kimanin murabba'in kilomita 255 ne, an raba shi da'ira 5, kuma gundumar Kollo ta jahar Tilaberi ta kewaye shi ta ko'ina. Wanda ya bi hanyar Doso zai iske kansa cikin ƙasar Libore alhali gine-gine ba su yanke ba. Haka abin yake ta wajen Karma da Hamdallaye.

To, mene ne ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne aljihunmu. Ma'aikacin da kuɗin haya ya kora daga tsakiyar gari yakan sayi fili a bayan iyaka. Da safe yana aiki a Yamai, yana cin kasuwar Yamai, yana bin kwaltar Yamai. Da dare yana kwana ƙarƙashin wata hukuma. Wa zai kai masa famfo da lantarki? Wa zai gina wa ƴaƴansa lakwal? Hukumar birni ta ce ba ƙasarta ba ce, kwamin ta ƙauye ta ce ba ta da ƙarfi. Shi ma ɗan kasuwar da ya gina sito a can, tilas ya san wa zai biya lanho, kuma hatimin wa ke bisa takardar filinsa. Inda iyaka ta yi duhu, nan ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, nan kuma manomi ke wayi gari gonar gado ta zama kangon wani.

Mun taɓa yi wa birnin nan ɗamara. Tun 1965 aka fara dasa kurmin bedi a gefensa domin ya tare iska da ƙura. Yankan filaye ya cinye babban sashensa. Ambaliyar 2020 kuma ta nuna mana sakamakon gini a hanyar ruwa.

Saboda haka roƙona biyu ne. Hukumomin Yamai da na maƙwabtanta su zauna su fitar da taswira guda, a liƙa ta inda kowane talaka zai gani, a raba lanho da aiki bisa adalci. Ku kuma, kada ku fitar da ko dala kafin ku san ƙasar wace hukuma ce filin yake, kuma wa ya sa hannu.

Allah ya ba mu alheri.