Hoton Likita: Haske Mai Amfani, Amma Sai Da Awo

 

Yau zancenmu a kan hoton da ake ɗauka a gidan likita ne, wanda mutane ke ce ma radiyo. Ba radiyon da kuke saurare ba ne. Wannan na'ura ce mai fitar da wani haske wanda ido ba ya gani. Hasken yana ratsa nama, amma ƙashi yana tare shi. Shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a cikin hoto. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano shi a shekarar 1895.

Wani lokaci ba hoto guda ake ɗauka ba. In lokotoro zai sa ƙarfe cikin karyayyen ƙashi, ko zai zura siririn tiyo ta jijiyar jini har zuciya, yakan kunna hasken, yana aiki yana kallon allo kamar na talabijin. Da haka yake ganin inda hannunsa ya nufa, ba sai ya yi babbar tsaga ba.

To amma hasken nan kamar magani ne, yana da awo. Ku sani, kowa yana samun irinsa kaɗan-kaɗan kullum daga ƙasa da duwatsu da sama. Hoton ƙirji guda daidai yake da abin da mutum ke samu haka nan cikin wajen kwana 10. Hoton ciki na babbar na'urar da ake kira sikana kuwa yana iya kai na shekara 3. In haske ya daɗe wuri guda, fata na iya yin ja kamar ƙuna, ko gashin wurin ya zube. In ya taru da yawa a rayuwar mutum, yana ƙara hatsarin ciwon daji kaɗan. Yara da jaririn da ke ciki sun fi babba rauni.

Ma'aikatan likita suna da dabarun ragewa. Suna kunna hasken ne kawai lokacin da suke son gani. Suna taƙaita shi ga wurin ciwo. Suna nisanta bakin na'urar daga fata. Suna rage ma yaro ƙarfinsa. Rigar dalma da suke sawa kuwa, don kullum suna cikin aikin ne.

Ku ma kuna da naku rabo. Ga abu 5:

1. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a soma. Nan ba wurin kunya ba ne. Hoton eko da ake yi ma masu ciki da amo yake aiki, babu wannan haske a cikinsa.
2. Ku adana tsofaffin hotuna, ku zo da su, don kada a maimaita a banza.
3. In an ce kada ku motsa, ku natsu. Hoton da ya lalace sai an sake shi.
4. Ɗan rakiya ya tsaya waje. In an roƙe shi ya riƙe yaro, ya sa rigar dalma.
5. In fata ta yi ja bayan kwanaki ko makonni, ku koma ku nuna.

Kada ku matsa ma lokotoro sai ya yi muku hoto, hoto ba ya warkarwa. In kuma shi ya ce a yi, kada tsoro ya hana ku, don ciwon da ba a gani ba ya fi hasken illa. Da an kashe na'ura, hasken ba ya zama cikin jiki.

Ga aikin wannan mako. Tun da Allah ya sa kun iya rubutu, ku buɗe karnen likitanku, ku rubuta ranar da aka taɓa yi muku hoto da wurin jikin da aka ɗauka. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi ma'aikacin likita. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.