Abincin Masana'anta da Ƙiba a Cikin Iyali: Darasin Gwajin Bethesda

Binciken cimaka a Najeriya ya daɗe yana karkata ga yunwa da tamowa, kuma akwai dalili. Ƙididdigar lafiyar al'umma ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Amma a cikin wannan rahoton akwai wani adadi da ba a cika karanta shi a tarurruka ba: kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. A birane yanzu akan tarar da uwa mai ƙiba da hawan jini, ɗanta kuma a tsumbure, alhali tukunya ɗaya suke ci.

Bayanin da jami'an lafiya suka saba bayarwa shi ne mutane na ci da yawa ba sa motsa jiki, saboda haka maganin shi ne wa'azin rage ci. An shekara da shekaru ana wannan wa'azi, ƙiba da ciwon sukari ba su ja da baya ba. Tun 2009 Farfesa Carlos Monteiro na Jami'ar Sao Paulo a Barazil ya sauya tambayar, ya ce a duba yadda aka sarrafa abincin kafin a ƙirga abin da ke cikinsa. Tsarin NOVA da ƙungiyarsa ta fitar ya kasa abinci gida huɗu: wanda yake kusa da yadda ya fito daga gona, kamar gero da wake da zogale; kayan haɗi, kamar mai da gishiri da sukari; wanda aka sarrafa daidai gwargwado, kamar kilishi; sai abincin masana'anta zalla, irin su lemon kwalba, biskit, alawa da taliyar leda mai ƙullin ɗanɗano a ciki.

Wanda ya gwada wannan ra'ayi gwaji na haƙiƙa shi ne Dokta Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Bethesda, Amurka, aka buga sakamakon a mujallar Cell Metabolism a 2019. An kwantar da manya 20, maza 10 mata 10, a asibitin bincike na tsawon kwana 28. Kowa ya yi mako biyu yana cin abincin masana'anta, mako biyu kuma yana cin wanda ba a sarrafa ba, ƙuri'a ce ta raba wanda zai fara da wane. An daidaita nau'o'in biyu ta fuskar kalori, sukari, maiƙo, gishiri da harza da ake ajiye wa mutum a faranti. Ba a hana kowa ci ba, an ce ya ci har ya ƙoshi, sannan a auna abin da ya rage.

A makonnin abincin masana'anta, kowane mutum a matsakaici ya riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, nauyinsa ya ƙaru da kilo 0.9. A makonnin ɗaya abincin, nauyin ya ragu da kusan wannan adadi. Mutanen ba su ce na masana'anta ya fi daɗi ba; maki kusan ɗaya suka ba su. Abin da aka gani shi ne sun fi saurin cinye na masana'anta, mai yiwuwa domin yana da laushi, ba ya buƙatar tauna, yakan wuce kafin ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ya cika. Mutum ɗaya ne a makonnin huɗu, halinsa da haƙurinsa ba su sauya ba, abincin kaɗai aka sauya. Wannan ya isa ya rushe zargin da ake ɗora wa mai ƙiba cewa kwaɗayi ne kawai ya kai shi.

Masu suka na cewa mutum 20 sun yi kaɗan, mako biyu gajere ne, iyakokin NOVA kuma ba su fita sarai ba. An ji, amma ba su kawo gwajin da ya fi shi tsauri ya nuna akasin haka ba. Sukar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ta kuɗi: a lissafin Hall, kayan abincin da ba a sarrafa ba sun ci dala 151 a mako, na masana'anta dala 106. A Kano ko Maraɗi cikas ɗin bai tsaya a farashin hatsi ba. Surfe, niƙa, tankaɗe da kuɗin gas ko itace su ne ke tura uwar da za ta kai yara makaranta da sassafe ga taliyar da ke dahuwa cikin minti kaɗan. Girkin gida ma ba duka ne lafiyayye ba: furar da aka zabga wa sukari, da malmalar tuwo mai 'yar miya marar ganye, da dunƙulen ɗanɗano da ya kori daddawa, duk suna cikin matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, sukarin ƙari kuma kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini.

Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo, hauhawar farashi ta riga ta cinye shi. Ya kamata a mayar da shi kaso na farashi, yadda zai ɗaga kuɗin kwalba da aƙalla kashi 20 cikin ɗari kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016. A tilasta alamar gargaɗi a gaban leda, irin baƙin tambarin da Chile ta fara a 2016, domin ƙananan rubutun baya ba mai karanta su. Ya kamata shirin ciyar da 'yan makaranta ya daina raba biskit da lemo, ya sayi wake, gero, gyaɗa da ganye daga manoman yankin. Jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato kuma suna da asibitocin koyarwa da za su iya maimaita gwajin Bethesda da tuwon dawa, dambu da kwaɗon zogale a gefe ɗaya, abincin leda a ɗaya gefen, su auna da ma'auni maimakon takardun tambaya da ake cikewa daga abin da mutum ya iya tunawa.