KARATU SAI DA JI

Jawabin da ɗaya daga cikin malaman firamare ya yi a taron ƙungiyarmu, a Bazaga



 Mun gode da kunka ba mu, mu malaman makaranta, damar yin magana a wanga taro.

Maganar da ta kawo mu guda ce. Kowace shekara muna fidda yara daga aji CM2, su tafi kwaleji, su shiga aji siziyam. Iyaye su sayi kaye da abin rubutu, su ɗinka tufafi, wani har shi saida akuya. Bayan shekara ɗaya ko biyu, sai ga wasunsu sun komo gida, an ce ba su kai makin da ake so ba. Uba shi ce yaron ba shi da kai. Uwa ta ce mushe ne ba shi son shi. Mu kuwa da ke wuni da su cikin aji, mun ga inda ciwon shike: yaran suna karatu da baki, amma ba su jin abin da suke karantawa.

KARATU ƘAFA BIYU GARE SHI

Ƙafa ta fari ita ce haɗa baƙaƙe: yaro shi ga b da a, shi ce ba. Ƙafa ta biyu ita ce jin magana, wato shi san abin da rubutun ke nufi. Mai ƙafa guda ba shi nisa.

Ga misali. Mu rubuta a allo: Issa n'est pas allé au champ car son âne était malade. Yara da yawa za su karanta shi da murya mai daɗi, ba tuntuɓe. In munka ce: "To, don mi Isa bai je gona ba?" sai aji shi yi tsit. Amsar kuwa tana nan cikin layin: jakinshi ne ba lafiya. Mai irin wanga karatu kamar wanda ya ɗauko buhu a ka ne, bai san ko hatsi ne ciki ko rairayi ba.

Ciwon ba na Bazaga ne kaɗai ba. A 2014 an yi wani gwaji da ake kira PASEC cikin ƙasashen Afirka 10 masu koyarwa da Faransanci. A Nijar, cikin yaran da ke ƙare firamare, ba a samu ko 1 cikin 10 da ya kai matsayin da ake so wajen karatu ba. Da anka sake gwajin a 2019, an samu kimanin 3 cikin 10. An ci gaba, mun gode Allah. Amma 7 cikin 10 suna baya, kuma a cikinsu ne kwaleji ke ɗiba.

DAGA INA CIWON YA FITO?

Na fari, harshe. Yaro shina zuwa aji CI da Hausarshi cikakka, wani da Fillanci, wani da Tamashek. Ran nan sai mu aza mishi kaya biyu a lokaci guda: koyon baƙaƙe da koyon harshen da bai taɓa ji a gida ba.

Na biyu, maimaitawa baki ɗaya. In aji ya cika, malam shi faɗa, yara su amsa. Muryar masu ganewa ƙalilan sai ta rufe sauran. Daga waje sai ka ce aji ya iya.

Na uku, ƙarancin littafi da ƙarancin lokaci. Ana buɗe makaranta a watan Oktoba, amma ajin zana sai an yi girbi an samu kara. Yaron da bai saba karatu kullum ba shina tafiya baƙi-baƙi, kafin shi kai ƙarshen layi ya manta farkonshi.

Na huɗu, kwaleji ba firamare ba ce. A firamare malam guda ke riƙe da yaro duk shekara, ya san inda shike ɗingishi. A kwaleji kowane darasi da malaminshi. A rubuta darasi a allo, yaro shi kwafe, shi tafi gida shi karanta shi kaɗai. Tarihi karatu ne, kimiyya karatu ne. Ko lissafi ma, yaro da yawa ya iya tarawa da ɗebewa, amma tambayar ce bai ji ba. Haka za shi yi ta fama shekara 4, in ya kai, har ranar BEPC.

Hukuma ta daɗe da sanin maganar harshe. Tun 1973 anka buɗe makarantar gwaji ta fari a Damagaram, inda yara ke soma karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa. A watan Maris na 2025 kuma anka ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Duk da haka, yaron da ke kwaleji bana, littafinshi da jarrabawarshi da Faransanci suke. Ba za mu ce mishi shi dakata sai an sake littattafai ba.

MAGANIN SHINA CIKIN GIDANMU

Jama'a, ku dubi zauren malamanmu na ilimi. Almajiri shi buɗe Ahalari, ko Ishmawi, ko Risala. Shi ja guntun Larabci, malam shi fassara da Hausa, gaɓa bayan gaɓa. Ba a wuce wuri sai an ji shi. Haka kuma a tafsirin watan azumi: wani shi ja baƙi, malam shi warware. Kakanninmu sun san baƙi daban, fassara daban, kuma sai an haɗa su ake samun ilimi.

Ƙa'idar da muke roƙon ku riƙe ke nan: yaron da bai iya maido da abin da ya karanta cikin harshenshi ba, bai karanta ba tukuna.

Ganewa kuwa ana koyon ta, kamar yadda ake koyon dashen albasa. Ga dabaru 5 da kowane ɗan kwaleji ke bukata.

1. Tambayoyin asali. Kowane rubutu, shi tambayi kanshi: Wa? Mi ya yi? Ina? Yaushe? Don mi? Huɗun fari suna kwance a sarari. Ta biyar ita ke nuna mai ganewa.

2. Bin sawun ƙananan kalmomin da ke tsayawa a madadin suna. Misali: Moussa a rencontré sa tante au marché. Il lui a donné des oignons. Wa ya ba wa albasa? Musa ne ya ba gwaggonshi. A Hausa muna rarrabewa: ya ba shi, ya ba ta. A Faransanci lui guda ce ga namiji da mace. Yaro sai ya koma baya ya nemo mai ita, kamar makiyayi mai bin sawun tunkiya.

3. Sanin kalmomin haɗi da na umurni. Mais amma ce, tana juya magana. Car da parce que suna kawo dalili. Donc tana kawo sakamako. A takardar jarrabawa kuma, souligne ja layi ƙarƙashi ne, relève tsamo daga cikin rubutun ne, justifie kawo hujja ne. Maki da yawa a nan suke zubewa: an ce shi kawo hujja, shi kuwa ya kwafe layi.

4. Jin abin da ba a faɗa ba. Ku saurara: "Hadiza ta komo daga rijiya, tulunta ba ruwa, gwiwarta na jini." Mi ya faru? Kun ga, duk kun ce ta faɗi. Mu kuwa ba mu ce ta faɗi ba. Kun haɗa abin da kunka ji da abin da kunka sani. Ɗanku ya iya wanga aiki da Hausa tun shina ƙarami, da shi shike warware kacici-kacici da karin magana. Saura shi san ana yin haka da littafi.

5. Taƙaitawa. In mutum ya komo daga kasuwar Ƙonni anka ce mishi "ƙaƙa kasuwa?", ba shi lissafa rumfuna ɗaya-ɗaya. Cewa shike: hatsi ya hau, albasa ta faɗi. Haka yaro za shi yi da shafi guda: shi faɗi cibiyarshi cikin magana biyu ko uku.

Bisa ga waɗanga duka, mai karatu na ƙwarai ya san lokacin da ya ɓace. Sai shi tsaya, shi koma inda ya gane, shi sake tahowa, ko shi yi tambaya. Matambayi ba shi ɓata.

ABIN DA KE CIKIN MAGANAR YA WUCE JARRABAWA

Kwalbar maganin ƙwari da muke fesa ma albasa da tumatir tana da rubutu: cokali nawa cikin lita nawa, kwana nawa za a jira kafin a ci. Takardar likita tana faɗin sau nawa za a ba jinjiri magani. Takardar jinginar gona ko ta bashi, akwai layin da in ba a ji shi ba, gado shi tafi. Saƙonnin ƴan damfara suna shigowa cikin salula kullum. In anka miƙa ma ɗan makaranta ɗaya daga cikin waɗanga, ya karanta da murya amma bai ji ba, gidan nan bai da mai karatu, ko da kaye ya cika ɗaki.

AIKIN KOWA

Iyaye maza: kada wani shi ce shi bai yi lakwal ba. Wanga aiki ba shi bukatar Faransanci. Da dare, bayan tuwo, ka kira ɗanka ko ɗiyarka ka ce: "Mi kunka karanta yau? Faɗa mini da Hausa." In ya faɗa, ka ƙara: "Don mi?" In ya kasa, kada ka kai mishi hannu, duka ba shi buɗe kai. Ka ce gobe shi tambayo malam, shi kawo maka amsa. Minti 15 ya isa, in dai kullum ne.

Iyaye mata: tatsuniya makaranta ce. In kin kai tsakiya, ki tsaya ki ce: "Mi kuke tsammani Gizo za shi yi?" In kin ƙare, ki sa ɗaya shi maido da ita. Muna kuma roƙon ku rage ma ƴan mata aikin dare. Yarinyar da ta wuni daka da ɗibar ruwa, littafi barci shike sa ta.

Yayye da ke manyan azuzuwa, da ɗalibai masu zuwa hutu: kowa shi ɗauki ƙanne kada su wuce 10, tabarma guda, fitila mai aiki da hasken rana guda. Kowane yaro shi karanta shi kaɗai, shi fassara, sauran su yi mishi tambaya.

Ƙungiya: muna neman akwatin littattafai guda, da mai riƙon mabuɗi, da kayen rubuta sunan mai aro. Masu zuwa Tawa da Yamai su taho da littattafan labarai na Faransanci masu sauƙi. Masu ƙetarawa Sakkwato, da ƴan cin rani, kowa shi riƙo littafin Hausa guda a tsarabarshi, irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Kada ku ji tsoron Hausa za ta ɓata mishi Faransanci. Wanda ya koyi bin labari da harshenshi, da dabarar za shi ƙetara zuwa wani harshe. Sa hannun iyaye cikin aikin makaranta kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu: a nan jahar Tawa anka soma shirin École pour tous a 2004, da taimakon ƙasar Japan, wanda ya ƙarfafa kwamitocin makaranta da jama'a ke zaɓa da kansu. Mu kai wagga magana gaban kwamitinmu, ta shiga tsarin aikin bana.

Mu malamai kuma, da anka hore mu da Faransanci, ga namu alkawari. Ba mu rufe karatu sai mun yi tambaya. Za mu riƙa tada yara ɗaya-ɗaya, har na bayan aji. In kalma ta gagara, za mu buɗe ta da Hausa, sannan mu komo da yaro cikin Faransanci. Ƙofar aji kuma a buɗe take ga duk uban da ke son shi ji karatun ɗanshi.

Muna roƙon taro, kafin a watse, a tsaida abu biyu: wa za shi riƙe akwatin littattafai, kuma a wace unguwa za a shimfiɗa tabarma ta fari. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

Allah shi buɗe ƙwaƙwalwar ɗiyanmu, shi ba su ilimi mai amfani, shi ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.