Jawabi Ga Hakimai Da Magatakarda A Kan Ciwon Hankalin Maijego

Zancen yau a kan abin da kan taɓa hankalin mace ne bayan haihuwa.

A jikin ɗan Adam akwai waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon, waɗanda jini ke kaiwa ƙwaƙwalwa. Sa'ad da mace ke da ciki, biyu daga cikinsu, watau estrojin da furojestaron, sukan ƙaru ninkin ba ninkin, gama mabiyiya ce ke yin su. Da mabiyiya ta faɗi sai su sauka cikin 'yan kwanaki, saukar nan kuwa takan girgiza sassan ƙwaƙwalwa masu kula da barci da natsuwa. Na uku shi ne kotizol, wanda waɗansu 'yan ƙululai bisa ƙoda ke fitarwa in an shiga tsoro ko damuwa. Amfaninsa ya zaburar da jiki, amma in damuwar ta daɗe, kamar rashin barci ko rashin jituwa a gida, sai ya raunana tunani.

Abin hawa uku ne. Yawancin masu jego sukan yi kuka da saurin fushi, ya wuce kafin mako 2. Fiye da 1 cikin 10 baƙin ciki mai nauyi kan kama su, su kasa cin abinci da kula da jariri. Mace 1 ko 2 cikin 1,000 kuwa hankali kan gushe musu, su ji muryoyin da ba kowa, har su cuci kansu ko jaririn. Wannan na ƙarshe a garzaya da ita asibiti ran nan.

Ciwon yana warkewa. Tun 1954 Likita Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana jinyar masu taɓin hankali tare da danginsu ba mari ba duka. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa: kada a ɗaure maijego, kada a sake ta don ciwo, kada a bar ta ita kaɗai da jariri in alamun sun bayyana. Magatakarda kuma su karanta wa ungozomomi wannan jawabi.