Lambar Sirri Makullin Rumbu Ce

Jawabin Edita ga malaman azuzuwan yaƙi da jahilci na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

 

Da, in manomi ya sayar da masara ko dawa, ko ya kai sa kasuwar Sheme, sai ya ƙulle kuɗinsa a lalita ya koma gida. Yau kuɗin suna shiga asusun banki ne, labarinsu kuma ya zo ta wayar salula. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, ɗalibanmu da yawa suka buɗe asusu, suka koma hulɗa da masu POS. To, rumbu ya koma cikin waya, ɓarawo ma ya biyo shi can. Saboda haka ina roƙon ku sa wannan darasi cikin karatu da lissafin da kuke koyarwa.

Na farko, ɗalibi ya san lambobinsa. Akwai lambar asusu mai alƙaluma 10. Ita ce ake bai wa wanda zai turo kuɗi. Akwai BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014. Akwai NIN ta katin ɗan ƙasa, ita ma 11, wadda gwamnati ta umarci a haɗa ta da layin waya a Disambar 2020. Waɗannan biyu ba a faɗa wa baƙo ta waya. Sannan akwai lambar sirri ta katin ATM mai alƙaluma 4. Ita kam ba a bai wa kowa, ko ma'aikacin banki ne.

Na biyu, su gane dabarar macuta. Wani zai kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka in ba ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka yanzu ba. Wannan lamba ita ce izinin fitar da kuɗi. Banki ba ya neman ta. Wani kuma zai turo saƙo cewa ana rabon tallafi ko taki, ka latsa nan ka cika bayananka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A kashe wayar, a je banki ko ofishin ƙaramar hukuma a tambaya.

Haka ake ƙwace WhatsApp. A nemi ka faɗi lamba 6 da aka turo maka, da ka faɗa sai a shige shafinka, a riƙa roƙon kuɗi wurin 'yan uwanka da sunanka. A wannan yanki namu da ke fama da matsalar tsaro, saƙon "ku taimaka, ina cikin wani hali" yana saurin tayar da hankali. Ku koya musu su kira mutumin su ji muryarsa kafin su tura ko kwabo.

Na uku, layin waya dukiya ne. Wanda ya saci waya yana iya cire layin, ya gano BVN da shi, ya taɓa asusu. A sa wa waya makulli, a sa wa layin ma lambar sirri. In waya ta ɓata, ranar a sanar da banki ya tsayar da asusun, sannan a je ofishin kamfanin waya a rufe layin. Kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yana iya sayar wa wani. Wanda ya sake layi ya je banki ya sake lambar da ke kan asusunsa.

Na huɗu, wurin mai POS. Mai kati ya danna lambarsa da kansa, ya kare da hannu, ya karɓi rasit ya duba adadin. Kada a rubuta lambar a jikin kati. Kada a zaɓi 1234 ko shekarar haihuwa.

Malamai, a nan aikinku yake. Wanda bai iya karatu ba, dole ya miƙa wayarsa a karanta masa, sirrinsa ya fita. Mata da tsofaffi sun fi shiga wannan hali, don sau da yawa yara suke aika da kati. Ku zana allon lambobin waya a kan allo, kowa ya gwada dannawa da lambar wasa, ba tasa ta gaskiya ba. Ku rubuta samfurin saƙon banki, su nuna inda kuɗi suka shiga, inda suka fita, da abin da ya rage. Ku yi ɗan wasan kwaikwayo: ɗaya macuci, ɗaya mai asusu, har kowa ya saba da cewa "ba zan faɗa ba".

Wanda aka cuta kuma kada kunya ta hana shi magana. Ya hanzarta zuwa banki, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Akwai dokar 2015 da ta tanadi hukunci kan irin wannan zamba. Jinkiri shi ke ba ɓarawo damar kwashe kuɗin zuwa wani asusun.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mana guminmu, Ya ba mu zaman lafiya.